Kwalbar Kaka ba Zamzam ba ce

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kakata, mahaifiyar Mama, ta rasu ranar Talata da hantsi a Bagudo. Kafin in gama neman mota a Legas an riga an rufe ta.

A cikin mota na karanta ta'aziyyar da ake zubawa a guruf ɗin gidanmu, kuma tun kafin mu kai Ilorin raina ya ɓaci. Kawu, babban ɗanta namiji, ya sa wani hotonta da aka yanko daga hoton biki, bakinta cike da goro, ya rubuta a ƙasa wai "Hajiya, uwar marayu, wadda ba a taɓa jin muryarta ba." Kaka ba ta taɓa zuwa Makka ba. Muryarta kuwa, in tana faɗa da akuya a bayan gida, ana ji daga bakin titi. Matar Kawu ta dinga turo kuka a murya, ɗaya bayan ɗaya, a cikin wani har ana jin ta tsaya tana ce wa mai aiki a rage wuta. Matar da rabon da ta leƙa ɗakin Kaka tun bikin autarta.

Shi ya sa nake rubuta wannan a waya, da babban yatsa, kafin su gama mayar da ita wata mata da ban sani ba.

Kuma akwai maganar kwalba. Kaka ta bar min saƙo guda ɗaya tak a duniya: wata kwalba da ke ƙasan akwatinta, in ta mutu in ɗauka in kai bakin teku in juye. Na ce mata to. Ranar Laraba da na iso gidan, akwatin a buɗe yake, kwalbar ba ta ciki.

Bari in fara da ita kanta tukun.

Mutanen Bagudo sun san ta da tsohuwa mai sayar da daddawa da faɗa. Abin da yawancinsu ba su sani ba shi ne ta yi zaman Kwatano, can Benin, lokacin ƙasar ana ce mata Dahome, tun kafin a haifi Kawu da Mama. Kakanmu namiji yana kai albasa da busasshen kifi can, har ya kama ɗaki a unguwar Zongo ya zo ya ɗauke ta. Kwalekwale zuwa wajen Dole Kaina, babbar mota zuwa Parakou, sannan jirgin ƙasa. Ta ce a jirgin nan ta fara ganin mutum yana cin ƙaguwa, ta juya baya ta yi ta tofar da yawu ta taga har suka isa.

Ba ta taɓa yabon garin ba. In ka ce Kwatano sai ta yamutsa fuska.

"Gari awa cikin tukunya. Ki shanya zane da sahe, maraice ki iske shi ya hi da jiƙa. Gishiri ya narke cikin ƙwarya shi kaɗai. Hura kuwa, kahin azahar ta yi tsami."

Amma ba ta daina ba da labarinsa ba, kuma kullum a bakin teku labarin yake ƙarewa.

Ita 'yar bakin kogin Kwara ce, a Zagga ta tashi, ta san ruwa. Da aka ce mata ga babban gulbi can ƙarshen gari, sai ta tattara wankinta kaf, ta ɗora a kai, ta ɗauki sabulu ta tafi. Ta cuɗa, ta cuɗa, sabulu ya ƙi kumfa. Igiyar ruwa ta zo ta kwashe wandon mijinta ta tafi da shi. Matan garin da ke jiran masunta suka yi ta dariya har da zama a ƙasa. Ta kamfaci ruwan ta kurɓa don ta ji abin da ke damunsa.

"Mi kika ji, Kaka?" Ni ma da harshenta nake tsokanarta.

"Na ji hitsarin jaki." Sai ta goge baki da bayan hannu, kamar yanzu ta sha. "Ruwa ba shi shayuwa, ba shi wanki, ba shi dahwa tuwo. Sai hauka da surutu. Awa kawunki."

Wannan ita ce wadda ba a taɓa jin muryarta ba.

Tana Kwatano aka ba Dahome mulkin kai, bayan 'yan watanni aka ba Najeriya. Duk lokacin da rediyo ya fara kiɗan bikin 'yanci sai ta ce, "Ni sau biyu anka ba ni 'yanci shekara guda, kuma duka biyun ina tsugunne gaban murhu." Wani lokaci ta ƙara da cewa na farkon ya fi, don ranar an sayo mata lemo mai ƙanƙara.

Ranakun Lahadi, in tashar kaya ta yi shiru, kakanmu yakan fita da ita. Su sayi dogon burodi, irin wanda ta ce ana iya korar kare da shi, su bi ta inda jiragen ruwa ke tsayawa can nesa ana jido kaya, su zauna ƙarƙashin kwakwa. Shi yana son iskar. Ita tana zaune ta ba teku baya, tana tsince yashi daga cikin burodi tana mita. Sun taɓa yin kwana uku ba sa magana saboda ya ci miyar ƙaguwa a gidan abokinsa ya dawo ya sha ruwa da moɗarta. Moɗar ta kyautar.

Faɗanmu ni da ita kuwa a kan waya ne. 'Yar Ikko take ce min, don a bakinta Legas ba ta taɓa canza suna ba. In na zo hutu ina zaune gabanta ina latse-latse, sai ta miƙo sandarta ta ƙwanƙwasa bayan wayar.

"Ke 'yar Ikko, wanda ke cikin abin nan shi yab ba ki tuwo jiya?"

Wata rana na yi fushi na ce ai da wayar nake neman abincin. Ta ce to in tashi in je in ci a can. Na tashi. Ba a jima ba ta aiko min da tuwon shinkafa da miyar kuka, ta ce a faɗa min na waya ne.

Akwai abu guda da ba ta ɗauka ko da wasa: a zagi mutanen ƙetaren iyaka a gabanta. Matan da ke shigowa daga Benin da manja da gari, in mota ta lalace musu ko kasuwa ta watse ba su samu ta komawa ba, gidanmu ake nuna musu. Ta shimfiɗa musu tabarma, ta zuba musu abinci, ta yi ta jefa musu 'yan kalmomin yarensu da suka rage mata, suna dariya suna gyara mata. Kawu ya taɓa cewa a daina tara masa arna a gida. Ta ɗago ta kalle shi.

"Gidanka? Wace shekara ka gina shi?"

Ban san dalilin wannan ba sai Babbar Sallar da ta wuce.

Ranar da rana ce, kowa ya fita yawon Sallah, ni da ita muna ɗakinta ina yanke mata farce. Sai ta ce, "Tekun Ikko da na Kwatano, guda na?"

Na jawo waya zan nuna mata taswira.

"Aje abin nan. Ke nika tambaya."

Na ce guda ne, Kaka. Ruwan da ya taɓa can shi ne yake taɓa nan.

Ta sa na jawo akwati. Can ƙasa, ƙarƙashin zannuwan da ba ta ɗaurawa, ga wani abu naɗe da farin ƙyalle. Kwalbar lemo ce ta da, koriya, mai kauri, an toshe bakinta da tsumma an liƙe da kakin zuma, an sake liƙewa, an sake. Ruwan ciki ya sauka zuwa rabi.

"Waccan ta ɗebo shi," in ji ta.

Na ce wace waccan?

Ba ta kalle ni ba. A ranar na san cewa Kawu ba shi ne ɗan farinta ba. Akwai ɗiya kafin shi, a Kwatano aka haife ta, a can aka yi suna. Tana da kamar shekara uku lokacin bikin 'yancin. Ranar da aka sayo lemon nan mai ƙanƙara, su uku ne a bakin teku. Yarinyar ta shanye ragowar, ta ruga da kwalbar bakin ruwa, uban yana riƙe da rigarta ta baya, ta cika ta, ta rungume, ta ce gida za ta kai. Uban yana tsokanarta, ya ce ai ba nata ba ne, na masu teku ne, ta mayar musu. Ta fara kuka. Kaka ta ce a bar ta, aro ne, Lahadi mai zuwa a maido.

Lahadi mai zuwa yarinyar tana kwance da ƙyanda. Ba ta ga ta bayanta ba.

Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu. Kaka ta riƙe wannan har a mutuwa. Matan Zongo sun cika ɗakin, duk 'yan uwanmu Hausawa da Dandawa, ido a kanta, ana jira a ga ko za ta yi abin kunya. Ba ta yi ba. Ta zauna tana amsa gaisuwa, tana cewa sai haƙuri. Maza suka ɗauki gawar suka kai wani wuri cikin yashi da ba ta taɓa gani ba.

Maƙwabciyarsu, wata 'yar garin mai soya kifi, wadda ba ta salla, ita ta shigo ta faɗi a tsakar ɗakin ta yi ta kururuwa tana bugun ƙirji tana kiran sunan yarinyar. Matan Zongo suka yi ta taɓe baki.

"Ita tay yi min kukana," in ji Kaka. "Ni ina zamne ina kallo."

Na ce mene ne sunanta, Kaka? Yarinyar.

Ta ja ƙafarta daga hannuna. "Ke ba ki da kunya, 'yar Ikko."

Shekara sittin da wani abu, kuma ba ta iya faɗa ba. Na ce to ta ba ni kwalbar in tafi da ita in na tashi komawa. Ta ce a'a, sai ta tafi tukun. "In kin ɗauka yanzu, da wa zan zamna?"

To, mu koma ranar Laraba. Na tambayi Mama ina kwalbar. Ta ce tana wurin Kawu. Wai da suka buɗe akwatin ya ga farin ƙyalle da kaki, sai ya ce Zamzam ne, wani alhajin da ne ya kawo mata tsaraba ta ɓoye saboda tsoron Allah. Har ya yi ta jin haushi ba a gani da wuri ba, da an yayyafa a likkafani. Ya yanke cewa ranar sadakar uku za a buɗe, manyan baƙinsa su sha tubarraki.

Na same shi a zaure tsakanin baƙi biyu, na durƙusa.

"Kawu, kwalbar nan ba Zamzam ba ce. Ruwan teku ne. Kaka ta ce in mayar."

Ya yi 'yar dariya yana kallon na kusa da shi. "Kun ji 'yan Legas. Uwata, ni ne ɗan farinta, ke za ki gaya min abin da ke cikin akwatinta? Tashi ki je ki taya su tuwo."

Na koma wurin Mama. Ta ce, "Yi shiru, kawunki ne. Kar ki jawo min magana a gidan makoki." Na ce Mama, kin san kina da yaya da ta rasu a Kwatano? Ta kalle ni kamar na yi mata yaren Benin.

Ranar Alhamis aka kafa rumfa har bakin titi. Kujerun haya, lasifika, mutane daga Kende, daga Zagga, da wasu masu manyan riguna da ban taɓa ganin sun gaishe da Kaka tana raye ba. Kawu yana neman wata kujera a siyasa, wannan kowa ya sani. Ta tagar ɗakin da ke kallon rumfar muke leƙe, mu mata. Bayan addu'a ya miƙe, ya ɗaga kwalbar sama, ya yi jawabi a kan tsoron Allahn mahaifiyarsa, muryarsa tana rawa daidai wuraren da ya kamata. Ya sa wuƙa ya kankare kakin da ta yi shekaru tana liƙawa da yatsunta. Ina jin ƙarar wuƙar a jikin kwalbar. Hannuna Mama ta riƙe gam.

Aka jera ƙananan kofunan shayi. Ya ɗiɗɗiga wa manya huɗu ko biyar, ya zuba wa kansa, ya aiko da kofi ɗaya cikin gida. Suka fuskanci gabas, suka yi bisimilla.

Na farkon ya fesar a kan babbar rigarsa. Na biyu ya yi ƙoƙarin haɗiyewa don kunya, idonsa ya kawo ruwa, ya juya bayan kujera ya yi ta kaki. Kawu ya tsaya da kumatu a cike, ya rasa inda zai tofa, lasifika a gabansa. A ƙarshe a cikin hularsa ya tofa.

Da a nan abin ya tsaya, da dariya zan yi in yafe. Matar Kawu, wadda ta fizge kofin mata don ta riga kowa, ta tofar a tsakar gida tana goge harshe da gefen mayafi, ta ce, "Wannan ai ruwan tsafi ne. Dama na faɗa. Matan nan na Benin da take tarawa, ashe 'yan ruwa take bauta wa."

Sai gidan ya ɗauka. Wata ta ce ita ma ta taɓa jin tana magana ita kaɗai a ɗaki. Wata ta ce shi ya sa daddawarta ta fi ta kowa ciniki. Matan da suka ci tuwonta shekara da shekaru. Da safe Hajiya ce uwar marayu, kafin azahar ta zama 'yar bori. Babu wanda ya tsaya a tsakiya ya ce mutum ce. Na ji kamar ni na sha ruwan.

Kawu ya shigo fuska a murtuke, riƙe da kwalbar da yatsu biyu, ya ce a kai masai a juye, a fasa kwalbar.

Ban san lokacin da na ƙwace hannuna daga na Mama ba. Na karɓe kwalbar na sa a cikin hijabina. Ya ce in ba shi. Na ce ba zan bayar ba. Ya ɗaga hannu.

"Kai, aje hannunka."

Ƙanwar Kaka ce, wadda muke ce wa Kaka Ƙarama. An kawo ta daga Zagga, ba ta gani sosai, tun ranar Talata tana kusurwa da carbi ba wanda ya kula ta. Ta ce a miƙo mata kofin da aka yar. Ta lakato ɗigon da ya rage da yatsa ta sa a harshe.

"Ruwan Kwatano na. Ɗiyar ta ɗebo shi." Ta juya inda take jin numfashin Kawu. "Kai ba kai na na fari ba. Su biyu sunka tahi, munka ji sun zama uku, su biyu sunka komo. Da wagga kwalba. Uwarka ba ta yi kuka ba, kuma ba ta yi tsahi ba. Ku ji kunya."

Matar Kawu ta tuna tana da tukunya a wuta. Kawu ya tsaya da jiƙaƙƙiyar hula a hannu, sannan ya fita wurin baƙinsa. Na ji daga baya ya ce musu Zamzam ɗin ne ya daɗe.

Na durƙusa gaban Kaka Ƙarama na ce ta faɗa min sunan.

Ta ce wasiƙa aka aiko lokacin, wani malami ya karanta a zaure, ita tana cikin gida. Daga baya kuma ba wanda ya ƙara ambata, don kar a sosa wa yayarta. "'Yar Kwatano muka ce mata. Sunan ya hita kaina, ɗiyata. Na yi ta nema tun shekaranjiya."

Mama ce ta yi kuka a nan. Kukan gaske, irin wanda ba a turawa a guruf.

Lahadin da ta wuce na kai kwalbar bakin teku a nan Legas. Sai da na biya kuɗin shiga. Kiɗa kamar zai fasa kunne, masu doki suna bina, robobi da ledoji da takalmi ƙafa ɗaya duk sun cika yashin. Kaka da ta gani da ta tofa yawu ta ce dama ta faɗa. Na yi tafiya har inda mutane suka ragu. Abin da su Kawu suka bari bai wuce yatsa uku ba.

Na tuɓe takalmi na shiga har idon sawu, na cire tsumman, na juye. Ko ƙara bai yi ba. Igiya ta zo ta jiƙa ni har gwiwa, ta koma.

Na ɗaga hannu zan yi addu'a, sai na ga ba ni da sunan da zan kira. Na tsaya baki buɗe, gishiri yana shiga. Sai na ce, an maido, ga abinku, Lahadin ce ta yi nisa.

Kwalbar tana kan tagata yanzu. Ruwan ne aro, kwalbar tamu ce, an biya kuɗin lemon.

Allah Ya jiƙan Kaka, mai daddawa, mai faɗa, wadda ba ta je Makka ba kuma ba ta bauta wa kowa ba sai Shi. Ya sa ta huta. Ya haɗa ta da waccan, a inda babu matan Zongo masu kallo, ta kira ta da sunanta.